Gonar Da Ba Ta Hutu: Daga Dawanau Zuwa Kwangwalam

Duk wanda ya shiga mota a Kano ya nufi Daura cikin watan Afrilu, watau sa'ad da bazara ta kankama, da wuya ya ga abin da zai ɗauke masa hankali a gefen hanya. Daga shataletalen Dawanau, inda hanyar ta rabu da ta Katsina, har zuwa Kwangwalam a bakin iyakar Nijar, tafiyar kilomita 130 ce da 'yan kai, kuma kusan dukanta cikin gonaki ake yin ta. Amma a wannan lokaci na shekara gonakin fayau suke, babu kore ko na magani, sai jar ƙasa da farin rairayi, da guguwa tana wasa da yagaggun ledoji. Fasinja galibi barci suke yi, waɗanda barci ya ƙi ɗauka kuwa suna fifita da kwali suna ƙorafin zafi. In akwai ɗan birni a cikinsu, ba ya rasa leƙawa ta taga ya girgiza kai, ya ce ai ƙasar nan ta mutu, mutanen nan ko me suke ci oho.

To, da motar za ta lalace da shi a tsakanin Ɗambatta da Kazaure, ya sauka ya taka cikin gonar da ke kusa, da ya ga abin da gudun mota ya ɓoye masa. Ko'ina cikin gonar an jera waɗansu 'yan tsibi baƙaƙe, taku kaɗan tsakanin wannan da wancan, sahu-sahu kamar an auna da igiya. Taki ne. In ya tona ɗaya da ƙafa zai tarar da kashin awaki da na tumaki, da tokar murhu, da sharar tsakar gida, da ɓawon gyaɗa, da ragowar ciyawar da dabbobi suka tattake a turke. Tun da aka gama kaka maigidan yake ta jidarsa kaya bayan kaya yana jibgewa, ba zai kuwa baza shi ba sai ruwa ya kusa, don kada iska ta kwashe, rana kuma ta cinye ƙarfinsa. Waɗannan 'yan tsibi su ne amsar tambayar ɗan birni, a kansu kuma zancen wannan mako zai tsaya.

A yawancin ƙasashen Afirka, al'adar manomi tun fil azal ita ce ya nome fili shekara uku ko huɗu, in ƙasa ta gaji ya bar ta saura, ya je ya sassabe wani dajin, sai bayan shekaru ya komo. Masu karatu da ke zaune a Kurmi sun ga wannan da idonsu. Amma ƙasar da ke kewaye da birnin Kano ta daɗe da rasa wannan gata saboda yawan jama'a. Babu dajin da za a sara. Gonar da kaka ya noma ita jika yake nomawa, kowace damina, ba fashi. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya ratsa ƙasar Kano a 1851, ya tarar da ita cike da ƙauyuka da gonaki, ya kuma yaba albarkarta ƙwarai da gaske. Fiye da shekara ɗari bayan wucewarsa, cikin shekarun 1960, wani malamin labarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello mai suna Michael Mortimore ya bi ƙauyukan nan gona-gona, ya tarar wajen kashi 80 cikin ɗari na ƙasar ana nome ta kowace shekara, a wani wuri ma fiye da haka. Bisa ga ilmin aikin gona da ake koyarwa a wancan zamani, irin wannan ƙasa ya kamata a ce ta zama hamada tuntuni. Mutumin ya yi ta komowa har cikin shekarun 1990, bai tarar da hamada ba, jama'a dai ya tarar sun ƙaru, gonaki kuma suna nan suna ba da hatsi.

Da can jaki ne ginshiƙin wannan sha'ani. Tun da asuba ayarin jakuna ke shiga birni ta ƙofofin ganuwa, ɗauke da itacen girki da kara da hatsi, in za su fito kuma a cika mangalarsu da sharar unguwanni, da kashin dawakin fada da na attajirai, da tokar gidaje. Watau abin da gona ta aika wa birni abinci, birni ya mayar mata juji, ba mai bin wani bashi. Yau jakin ya yi ƙaranci, tun da fatarsa ta zama hajar da ake fita da ita ƙasashen waje, amalanken shanu da tifa da a-kori-kura sun karɓi aikinsa. Cinikin dai bai mutu ba, domin har yanzu manomin da ke kusa da birni yana biyan direban tifa ya juye masa shara a gona.

Wanda ya yi nisa da birni kuwa, takinsa a cikin gidansa ake yin sa. In baƙo ya yi sallama a wani gida cikin ƙauyukan nan, aka ba shi ruwan randa ya sha, aka gaisa aka tambayi iyali da gajiya, abin da zai fara jiyowa daga cikin gida shi ne kukan awaki. Kowane gida akwai turke. Da damina ta faɗi sai a ɗaure awaki da tumaki duka don kada su shiga shuka, yara su riƙa yanko musu ciyawa, su ci nan su yi kashi nan, wata huɗu ko biyar. Akwai kuma wata yarjejeniya da ba a taɓa rubuta ta a takarda ba, amma kowa ya san ta: akuyar galibi ta matar gida ce, ita ke da 'ya'yanta, ita ke da kuɗinta ran da aka kai ta kasuwa don kayan ɗakin 'yarta, maigida shi ke ba da harawa da dusa, ladansa kuwa shi ne taki. Matar da ba ta da akuya, 'yar'uwarta ko ƙawarta takan ba ta kiwo, in ta haihu a raba. Ta haka ko gidan da ya fi kowane talauci yakan sami abin zubawa a gona.

Harawar nan ita ce matafiyi yake hangowa a saman itatuwa da kan rufin ɗakuna, dami-dami, an rataye inda akuya ba ta kaiwa, gara ba ta hawa. Ganyen wake ne da na gyaɗa da aka busar. Saboda ita ne manomin ƙasar nan ya riƙe irin waken da ake kira kanannado, mai yaɗo ya rufe ƙasa, wanda ba ya nuna sai damina ta wuce. An yi wani zamani da malaman gona suka kawo masa wake gajere mai saurin nuna, mai ƙwaya da yawa amma babu ganye, ya karɓa ya yi godiya, ya shuka a 'yar kusurwa, ya ci gaba da nasa. Aka ce taurin kai ne irin na baƙauye. Alhali kuwa lissafi ya yi: in babu harawa babu akuya, in babu akuya babu taki, in babu taki babu gero baɗi. Daga baya masu binciken cibiyar IITA a tasharsu ta Kano suka gane wannan lissafi, suka koma fitar da irin wake mai ba da ƙwaya da harawa gaba ɗaya, sa'an nan manomi ya karɓa hannu biyu.

Haka ma aka yi da shi a kan haɗa shuka. Manomin nan ba ya shuka abu ɗaya a gona. Ruwan farko ya sa gero, bayan 'yan kwanaki ya bi da dawa, kaura ko farfara, can gero ya tasa ya cusa wake a tsakani, a wani wurin kuma kunyoyin gyaɗa ne aka ratsa da layin hatsi, abin da ake ce wa gicci. Gero ya nuna cikin wata uku a girbe, a kori yunwa, dawa ta sami sarari ta miƙe, wake ya malala a ƙasa ya danne ciyawa, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Turawan gona na zamanin En'e da ɗalibansu sun sha ce masa wannan hargitsi ne, noman zamani abu ɗaya ake shukawa a fili ɗaya. Sai da David Norman na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya zauna a ƙauyukan Zariya cikin shekarun 1960 da farkon 1970, ya auna abin da ke fita daga kowace eka, ya tarar haɗa shukar ya fi kawo riba, ya kuma fi kare mai gona daga asara, domin in fari ya kashe ɗaya da wuya ya kashe duka. Abin da tsofaffi suka sani tun kafin a haifi kakan Norman, sai da aka rubuta shi da Turanci kana ofis ya gaskata.

Akwai ma wani taimako da ke zuwa daga sama ba da kuɗin kowa ba. Hazon hunturu da ke sa mutanen birni tari, ƙura ce da iska ke kwasowa daga busasshen gindin wani tsohon tafki a arewacin Chadi, tana sauka a gonaki kowace shekara, kuma masu bincike sun tabbatar tana ɗauke da sinadaran da shuka ke bukata. Ba ta isa ta maye gurbin taki ba, amma a ƙasar da ake lissafin kowane ƙwaryar toka, ita ma tana cikin lissafi.

In matafiyi ya sami inuwa ya zauna a bakin wani ƙauye, zai lura bazara ba lokacin zaman banza ba ne, ko da yake majiya ƙarfi da yawa sun tafi cin rani. Ga dattijo a gindin darbejiya, ya danne kan igiya da babban yatsan ƙafa yana tufka da kaba. Ga wani yana saƙa zana da gamba. Can an kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayi da tattakar ciyawa ana yaɓen katangar da daminar bara ta zaizaye, ƙasar kuwa daga kududdufin bayan gari aka haƙo ta, ramin da aka bari shi zai tara ruwan da dabbobi za su sha, a kuma yi tubalin baɗi da shi. Abin da zai fi ba shi mamaki shi ne karan dawa. Ganyensa na shanu ne. Mai kauri a yi danni da shi, a yi gado, a yi rumbu, a yi ƙyauren ɗaki. Wanda ya karye ya shiga murhu. Tokarsa a tace a sami ruwan toka na girki, ko a dafa sabulun salo, abin da ya rage a rariya kuma ya koma turke, daga turke ya koma gonar da karan ya fito. Akwai ma wata dawar da ba don ci ake shuka ta ba, karan dafi, wadda dukawa ke rina jar fata da ita, fatar da ta yi suna har ƙasashen Turai tun zamanin fatake.

Ɗorawa ɗaya tak, in tana gonar mutum, ta isa a yi masa barka. Garinta a sha, kalwarta mata su dafa su yi daddawa su kai kasuwa, ɓawonta a jiƙa a yi makuba a shafe bango da daɓe, ruwa ya zuba ya gangare. Kuka ta ba da miya, ta ba da gari na dama nono, ɓawonta ya ba da igiya. Bagaruwa ta majema ce. Giginya ta ba da azara wadda gara ke jin tsoro, 'ya'yanta a binne su a tono muruci. Ba a lissafa wannan don a ce ƙauye aljanna ce ba. Wanda ya ga mace tana jan guga daga rijiya mai gaba ashirin da tsakar rana, ko ya ga rumbun da aka share tun kafin watan Yuli, ya san yawancin dabarun nan babu ce ta haife su. Amma dabara dabara ce, ko wace ce uwarta.

Randar da aka ɗebo wa baƙo ruwa ma tana da nata labarin. Kowace mace a ƙauye ta san in an girke randa a kan jiƙaƙƙen yashi a lungun ɗaki, ruwanta yakan yi sanyi kamar na ƙorama, saboda zufar da ƙasar ke yi tana fita da zafi. Wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, wanda ya tashi a gidan masu ginin tukwane, shi ya ɗauki wannan sani ya ƙara masa taku ɗaya cikin shekarun 1990. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Gautan da ke yaushi cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka kai mako uku. A shekarar 2000 kamfanin agogon Rolex ya ba shi babbar kyauta a kan wannan, duniya ta yi ta tafi. Kayan aikin duka ƙasa ce da yashi da ruwa, babu lantarki, babu abin da aka sayo daga waje.

Kada kuma a zaci dabarar ƙauye ta tsaya a kan kayan kaka da kakanni. A gefen madatsar ruwa ta Tomas, kusa da Ɗambatta, ɗaya daga cikin madatsun da aka gina a tsohuwar Jihar Kano cikin shekarun 1970, da kuma fadamun da ke kan hanya, nan ne kaɗai ido ke samun kore a bazara: albasa, tumatir, alkama da masara. Jigo ya daɗe da ba injin ban-ruwa wuri. Da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin mai ya fi ƙarfin masu lambu, sai ga makanikan ƙauye suna juya injinan su koma aiki da tukunyar gas ta girki, masu ɗan hali kuma suka koma wa faifan hasken rana. Ba wanda ya kira taro a otal kafin a yi wannan.

Daga Kazaure, inda duwatsu ke tsaye a gefen gari, hanya takan miƙe zuwa Daura, ƙasa tana ƙara fari, rairayi yana ƙara zurfi, dawa tana ja da baya gero yana karɓe gonaki. A nan ne hankalin matafiyi ya kamata ya koma kan itatuwa. An daɗe ana cewa talakan ƙauye ne ke cinye daji da gatarinsa. Amma da waɗansu malaman Jami'ar Bayero suka binciki itacen girkin Kano cikin shekarun 1980, suka gwada hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a shekaru dabam-dabam, sai suka tarar itatuwan da ke cikin gonakin kewayen birni ba su ragu ba. Itacen da birni ke ƙonawa, manyan motoci ne ke kawo mafi yawansa daga dazuzzuka masu nisa. Dalili kuwa a fili yake. Itacen gona yana da mai shi. Ana gadonsa, ana jinginar da shi, wani lokaci ma gona ta wani ce tsamiyar da ke cikinta ta wani. Mai shi yakan sassare reshe ya bar gindi. Itacen daji kuwa na gwamnati ne, watau na kowa, watau ba na kowa ba.

Sarkin itatuwan gona a wannan yanki shi ne gawo, mai halin da ya saɓa wa na sauran. Da damina, sa'ad da kowane itace ke ganye, shi sai ya kakkaɓe nasa ya tsaya tsirara, saboda haka inuwarsa ba ta danne shuka, ganyen da ya zubar kuma ya ruɓe a gindinsa daidai lokacin da gero ke nema. Da rani kuma, sa'ad da kome ya bushe, sai ya yi kore shar, dabbobi su taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar kashi. Kowane yaro a ƙauye ya san geron gindin gawo ya fi na fili tsawo da kauri. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi sarauta a ƙarni na 19, ya kafa doka mai tsanani a kan gawo, har wanda ya sare shi yana iya rasa ransa.

Wanda ya wuce Daura da Mai'aduwa, ya tsallaka Kwangwalam ya shiga Ɗan Barto ya nufi Matamaye, zai ga abin da zai sa ya yi shiru. Can ruwan sama bai kai na Kano ba, ƙasar kuma ta fi talauci, amma gonakin Matamaye da Magarya da Mirya cike suke da gawo, manya da matasa, har wani wuri sai a ce kurmi ne aka shuka gero a cikinsa. Hotunan tauraron ɗan'adam da masanan Amurka suka nazarta sun nuna a wurare da dama gefen Nijar ya fi gefen Nijeriya itatuwa, ana iya gane iyakar da ido. An ƙiyasta cewa daga tsakiyar shekarun 1980, manoman Maraɗi da Damagaram sun raya itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, kuma ba dasa su aka yi ba. Kututturan da ke cikin ƙasa ne suke tohowa kowace shekara. Da, in an zo sassabe sai a share tohon duka a ƙone. Bayan farin 1984 sai manoma suka koma zaɓen reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a bar waɗannan su girma. Sassabin zamani suke ce masa. Wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yaɗa shi a Maraɗi tun daga 1983, a ƙasar Damagaram kuwa galibi manoman ne suka farfaɗo da abinsu. Abin da ya ba su ƙarfin gwiwa shi ne hukuma ta sassauta riƙon da ta gada daga Faransa, wanda ya mai da kowane itace na gwamnati, manomi ya tabbata in ya raya gawo nasa ne. Kayan aikin kuwa wuƙa ce ko adda.

A wannan gefen iyaka an bi wata hanyar dabam. Shekara da shekaru ana bikin dashen itatuwa, babban mutum ya zo da rakiyar motoci, ya tsuguna ya dasa ɗan tsiro, a ɗauki hoto, kafin mako ya zagayo akuya ta yi kalaci da shi. A ƙasar Ɗambatta akwai jerin itatuwan turare da gwamnati ta dasa cikin shekarun 1970 don kare iska. Sun tare iskar, gaskiya ne, amma da aka zo aka auna sai aka tarar saiwarsu tana shanye ruwan geron da ke kusa da su, kuma ba a nemi shawarar masu gonakin ba kafin a dasa. Da an tambaye su, da sun faɗi sunan itacen da gero ke so.

To, wannan tsari da ya riƙe ƙasar nan ɗaruruwan shekaru, yau igiyarsa tana tsinkewa a wurare da yawa, kuma mai tafiya a hanyar nan yana iya ganin inda take tsinkewa. Na farko ita ce ledar nan da guguwa ke wasa da ita. Sharar birni ta da toka ce da kashin dabbobi da ɓawo, duka masu ruɓewa. Ta yau a cakuɗe take da ledar ruwa da robobi da fasassun kwalabe da matattun batura. Manomi ya biya kuɗin tifa, sa'an nan shi da 'ya'yansa su yini suna tsince leda, wadda ta tsere musu kuma ta shiga ƙasa ta hana ruwa ratsawa, ko akuya ta haɗiye ta ta rame ta mutu. Birnin da ke kukan shara ta yi masa yawa, da manomin da ke kukan taki ya yi masa kaɗan, tafiyar awa ɗaya ce tsakaninsu, amma har yanzu ba a sami wani tsayayyen shiri na raba leda da juji don a haɗa bukatun nan biyu ba.

Sa'an nan ga gonar kanta tana ƙanƙancewa. Kowane rabon gado sai ta tsage, wadda ta ciyar da gandu guda yanzu an yanka ta gida shida ko bakwai. Daga wajen Dawanau kuma birni ne ke tahowa, ana sa duwatsun fuloti a gonakin da aka yi ƙarnuka ana zuba musu taki, ƙasar da ta fi kowace ƙarfi ita ake fara binnewa da siminti. Faɗaɗa hanyar motar, da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda ya bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura, alheri ne ga ƙasa, amma su ma a kan gonakin talakawa suka bi, kuma babu ma'aunin diyya da ke lissafa takin shekara hamsin.

Mafi ciwo shi ne abin da ya shiga tsakanin manomi da Bafillace. Da, in an gama girbi, mai gona ne ke zuwa ruga ya roƙi a kwana da shanu a gonarsa, har ya ba da damin gero da goro, shanu su ci kara su bar taki, mata su yi musayar nono da hatsi. Yanzu manomi ma yana da shanun huɗa da na kiwo, kara da harawa sun zama kuɗi, kafin makiyayi ya iso an kwashe gona ƙaf an tara a kan itace. Burtalin da shanu ke bi an nome shi a wurare da yawa saboda ƙuncin fili. Mutum biyu da kowannensu ke riƙe da rabin abin da ƙasa ke bukata, sun koma haɗuwa a gaban alƙali, wani lokaci ma ba a kai ga alƙalin.

Takin zamani fa? Manomin nan ba ya ƙin sa. Tun zamanin shirin Ciyar Da Kai na 1976 ya san amfaninsa, in ya samu yakan ɗiba da 'yan yatsu ya sa a gindin kowace shuka, ba ya watsawa. Amma zai gaya wa duk wanda ya tambaye shi cewa na buhu na damina ɗaya ne, na turke kuwa yakan yi shekara biyu ko uku yana aiki, yana kuma riƙe danshi a rairayi, abin da na buhu ba ya yi. Ga shi kuma tun daga 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashi, naira kuma ta faɗi a bayansa, buhun ya fi ƙarfin talaka. Na turken shi ma bai isa ba, shi ya sa gonar ba ta mutu ba amma ba ta yi ƙiba ba. Wanda zai taimaki manomin nan, daga abin da ke hannunsa ya kamata ya fara: dabbarsa ta sami rigakafi, itacensa ya tabbata nasa, sharar da ake kai masa ta zama mai tsabta, malamin gona kuma ya koyi tambaya kafin ya buɗe jaka. Masu karatu da ke Agege da Sabon Ibadan da Shagamu da Fatakwal, waɗanda da yawansu daga ƙauyukan nan suka fito, sun san kuɗin da suke aikawa gida kafin damina ina yake tafiya: rabi hatsin ci, rabi tunkiya ko tifar taki.

In matafiyin ya juyo daga Kwangwalam cikin watan Mayu, zai tarar an fara baza tsibin nan da fartanya, 'yan cin rani suna sauka daga motoci da buhunansu. A gonakin rairayi na wajen Mai'aduwa waɗansu ma ba su jira ruwa ba. Maigida yana gaba da sungumi yana sara, mata da yara suna biye suna jefa iri suna rufewa da diddige, cikin busasshiyar ƙasa mai ƙona tafin ƙafa. Binne ke nan. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, mai binne ya riga kowa, geronsa ya tsiro tun maƙwabta suna neman iri. In kuwa yayyafi aka yi ya ɗauke, irin ya tsiro ya ƙone, sai ya koma rumbu ya kwance zangarniyar da ya ware tun kaka don irin wannan rana, ya sussuka, ya sake saɓa sungumi.